Al-Shabaka: cibiyar nazarin manufofi ta Falasɗinawa

Al-Shabaka cibiya ce mai zaman kanta da ke tattara masana da marubutan Falasɗinawa daga sassan duniya domin su yi nazari kan manufofin da suka shafi ƙasarsu, su kuma ba da shawara. Kalmar Larabci ce, ma'anarta raga ko komar kamun kifi, kuma sunan ya dace da tsarinta: mutanenta a warwatse suke, rubutu da intanet ne zaren da ya ɗaure su. An kafa ta a 2009, ta fara fitar da rubuce-rubuce a 2010. Rajistarta tana jihar Kalifoniya ta Amurka a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Ba ta ƙarƙashin gwamnati ko wata jam'iyya, tana kuma wallafa aikinta da Larabci da Ingilishi.

Dalilin kafa ta

Ba a fahimtar Al-Shabaka sai an san yadda aka daddatsa Falasɗinawa. Mutumin Gaɓar Yamma da na Zirin Gaza koren katin shaida suke riƙewa, amma tun da aka ƙaƙaba wa Gaza takunkumi a 2007 da wuya ɗaya ya ziyarci ɗaya. Mazaunin gabashin birnin Ƙudus shuɗin kati gare shi, wanda ke ba shi izinin zama kawai, kuma ana iya ƙwace izinin idan ya daɗe a waje. Ga Falasɗinawa masu fasfon Isra'ila, ga 'yan gudun hijira a Jodan da Labanan da Siriya, ga na Turai da Amurka har da Chile. Tara waɗannan duka a ɗaki guda abu ne da takardun tafiya ba sa bari.

Zaurukan da ya kamata a yi muhawara a cikinsu ma sun yi sanyi. Bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa da kafa Hukumar Falasɗinawa a 1994, nauyin siyasa ya koma Ramallah, mazaunin Hukumar a Gaɓar Yamma, na gudun hijira suka zama 'yan kallo. Rabon da a zaɓi shugaba tun 2005, majalisar dokoki kuwa tun Janairun 2006. Wannan giɓi cibiyar ta zo cikewa.

Ba ita ce ta farko ba. A 1963 Walid Khalidi da Constantin Zurayk da Burhan Dajani suka kafa Cibiyar Nazarin Falasɗinu a Bairut. A 1965 ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu, wato PLO, ta buɗe tata cibiyar bincike a wannan birni. Shugaban cibiyar, Anis Sayegh, ya ji mummunan rauni a 1972 sakamakon bam da aka aiko masa cikin wasiƙa. A Satumban 1982 sojojin Isra'ila suka kwashe littattafai da takardun cibiyar, sai a musayar fursunoni ta ƙarshen 1983 aka dawo da su. A farkon wannan shekara ta 1983 bam ya tashi cikin mota a ƙofar ginin. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin cibiyar da ba ta jingina rayuwarta ga gini ɗaya ba.

Masu ba da shawara

Nadia Hijab, 'yar jarida kuma marubuciya da ta taɓa aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, tana cikin waɗanda suka kafa cibiyar, ta kuma daɗe tana jan ragamarta. Cikin waɗanda suka yi mata aiki akwai Diana Buttu, lauyar da ta ba tawagar sulhu ta PLO shawara a farkon shekarun 2000; Noura Erakat, malamar jami'a a Amurka mai nazarin dokokin ƙasa da ƙasa; Haidar Eid, wanda ya koyar da adabi a Jami'ar Al-Aƙsa ta Gaza; da Sam Bahour, ɗan kasuwa haifaffen Amurka da ya koma garin Al-Bireh na Gaɓar Yamma da zama. Alaa Tartir ya yi rubutu da yawa kan tallafin ƙasashen waje da jami'an tsaron Hukumar Falasɗinawa. Tareq Baconi ya wallafa littafi kan Hamas a 2018, Yara Hawari kuma tana gabatar da shirin tattaunawa na sauti na cibiyar.

Waɗannan mutane bakinsu bai zo ɗaya ba kan batutuwa da dama, ciki har da ko Falasɗinawa da Isra'ilawa su zauna a ƙasa ɗaya ko a yi ƙasashe biyu. Ra'ayin da ke cikin kowace takarda na marubucinta ne. Abin da ya haɗa su shi ne haƙƙin Falasɗinawa na yanke wa kansu makoma bisa dokokin duniya.

Yadda ake rubuta takardar manufa

Cibiyar tana fitar da doguwar takardar manufa, da gajeriyar takarda mai bin labarin da ke da ɗumi, da sharhi, da zaman tattaunawa inda masana da yawa ke amsa tambaya ɗaya. Takardar manufa ta bambanta da maƙalar jami'a. Tana farawa da taƙaitawa domin jami'in da ba shi da lokaci, ta kawo tushen matsala da hujjoji, ta ƙare da shawarwari da aka fuskantar ga wani takamaimai: Hukumar Falasɗinawa, ko Tarayyar Turai, ko masu ba da tallafi, ko ƙungiyoyin farar hula.

Ga misali. Yarjejeniyar tattalin arziki ta Paris ta 1994 ta ba Isra'ila damar karɓar harajin kayan da ake shigowa da su yankunan Falasɗinawa, sannan ta miƙa kuɗin ga Hukumar duk wata. Waɗannan kuɗi su ne mafi yawan abin da Hukumar ke samu, don haka duk lokacin da aka riƙe su albashin malamai da ma'aikatan jinya yakan zo rabi ko ya makara. Takarda mai kyau ba ta tsaya a Allah wadai ba. Za ta nuna sashen yarjejeniyar da ya jawo haka, ta faɗi wanda ke da ikon matsa lamba, da matakin da zai ɗauka.

Inda ake samun tangarɗa

Babban aibin irin wannan rubutu shi ne shawarar da ba ta da mai karɓa. Idan majalisa ba ta zama, kuma hukuma ba ta tsoron zaɓe, takarda na iya zama daidai amma ba wanda ya wajaba ya amsa ta. Na biyu, malamin jami'a ya saba da dogon bayani da kalmomin fanni, sai edita ya yi ta sassaƙa kafin rubutun ya karantu, wani lokaci kuma labarin ya riga ya wuce. Akwai kuma tazara tsakanin masani a Landan da mazaunin sansanin 'yan gudun hijira na Ainul Hilwa a Labanan. Fassara zuwa Larabci tana rage ta, amma ba ta kawar da ita.

Haɗarin ma ba ɗaya ba ne ga kowa. A Oktoban 2021 Isra'ila ta ayyana ƙungiyoyin Falasɗinawa shida a matsayin na ta'addanci, ciki har da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Al-Haq da cibiyar bincike ta Bisan, ta kuma rufe ofisoshinsu a Agustan 2022, duk da ƙasashen Turai tara sun ce ba su ga hujjar da ta gamsar da su ba. Yaƙin da ya ɓarke a Oktoban 2023 kuwa ya rusa ko ya lalata dukkan jami'o'in Gaza, ya kashe malamai da yawa, ya tarwatsa waɗanda suka rage.