Ilimin fahimtar kafofin watsa labarai ga ƙananan yara

Ilimin fahimtar kafofin watsa labarai ga ƙananan yara reshe ne na tarbiyyar yaran da ba su kai shiga firamare ba, galibi 'yan shekara 3 zuwa 6. Manufarsa yaro ya gane cewa abin da yake gani a talabijin ko waya ko littafin hotuna wani ne ya tsara shi, kuma da niyya. Da yake yaran ba su iya karatu ba tukuna, da hira da wasa ake koyar da shi.

Tarihi

Akan danganta mafarin wannan fanni da Ingila, wajejen shekarun 1930, lokacin da ake ɗaukarsa tamkar rigakafi daga ruɗin sinima da talla. Manyan ɗalibai ake nufi a wancan zamani, ba a sa ƙanana a lissafi ba. Fitowar shirin yara na talabijin mai suna Sesame Street a Amurka a 1969 ta nuna cewa yaro na iya koyon harafi da ƙirga ta akwatin talabijin, ko da yake wannan koyarwa ce ta hanyar kafa, ba koyar da yadda kafar take aiki ba. A 1982, a taron da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kira a garin Grunwald na Jamus ta Yamma, aka fitar da sanarwar da ta nemi a koyar da fannin tun daga makarantun reno har jami'a. Finland ta sa shi cikin manhajar renon yara ta 2016.

Batun talla

Bincike ya nuna yaran da ba su kai shekara 4 ko 5 ba sukan kasa bambanta talla da shiri, kuma sai wajen shekara 7 ko 8 suke gane cewa so ake a saya. Saboda haka lardin Quebec na Kanada ya haramta tallar da aka nufi 'yan ƙasa da shekara 13 da ita tun 1980.

Yadda ake koyarwa

Babba ya zauna ya yi kallo tare da yaro yana tambayarsa: wa ya yi wannan, da gaske ne ko wasa? Wani lokaci akan ba yara kyamara su ɗauki hoto da kansu.

Saɓani

Wasu na ganin rage kallo ya fi koyarwa muhimmanci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa 1 a rana gaban allon talabijin ko waya.