Waiwaye: Iyakar Maraɗi da Katsina, daga auwon gyaɗa zuwa hana fitar da hatsi

A watan Oktoba na 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake daga Nijar, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Hujjar gwamnati ita ce a tsare cimaka a gida, a karya farashi, a yi maganin masu ɓoye abinci. A nan Maraɗi kan mutane ya rabu. Ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata ya ce madalla. Manomin da ya shuka wake don ya sayar ya aurar da 'yarsa kuwa sai ya yi tagumi, domin shi bai san hanyar Wagadugu ba. Daga nan zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 600, Katsina kuwa ba ta cika 100 ba, kuma waken Maraɗi tun fil azal kudu ya sani: Jibiya, Katsina, kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano.

Gardamar ba sabuwa ba ce. Ta fi ƙarni ana yin ta, masu mulki ne kawai ke sauyawa.

Maraɗi ita kanta 'yar Katsina ce. Da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarauta ya yo arewa, ya zo ya kafu a bakin gulbi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. An shafe ƙarni na 19 ana kai wa juna hari, musamman zamanin Ɗan Baskore, amma fatake ba su fasa wucewa da kanwa da gishiri da turkuɗi da goro ba. Layin da muke kira iyaka ya zo ne da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906. Abin da ya dami Faransa a lokacin shi ne ta samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi, don sojojinta kada su mutu da ƙishirwa. Ba wanda ya tambayi inda Bamaraɗe ke cin kasuwa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. Bature ya ɗora lanho a kan kowane kai, kuma sai da tsabar kuɗi ake biya, to dole a shuka abin da kanti zai saya. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli, suna ba wa 'yan kasuwar gari kuɗi su shiga ƙauye su sayo. Gyaɗar da aka tara ta Kano take bi, a loda ta a jirgi zuwa Ikko, don nan ne kusa kuma nan ne araha. Wannan bai yi wa Faransa daɗi ba. A shekarun 1950 ta ƙirƙiro shirin da ta kira Hirondelle, aka karkata kaya zuwa Dahomey, mota ta kai Parakou, jirgi ya ƙarasa Kwatano. Hanya ce mai nisa wadda ba ta iya riƙe kanta sai da tallafi. A iya sanina, nan ne hukuma ta fara kashe kuɗi don ta hana kayan Maraɗi bin hanyar da suka zaɓa.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, SONARA, a 1962, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai. Hukuma ke yanka farashi, ita ke ba da lasin saye, ita ke cewa ranar kaza a buɗe kasuwa. A ƙetare ma haka abin yake, hukumar sayen amfanin gona ta Arewa ke yanka nata. Kakana ya yi shekaru yana riƙe wa wani alhaji sikeli, kuma ba ya gajiya da ba mu labarin. In shekarar farashin can ya fi, sai ka ji jakuna suna wucewa kudu bayan lisha, an cire musu duk abin da zai yi ƙara. In na nan ya fi, jakunan nan dai su ne za su juyo da buhunan Katsinawa. Wata rana na tambaye shi, “Kaka, to ku ba ku gane wadda aka ƙetaro da ita?” Ya yi dariya ya ce, “Yaro, gyaɗa tana da takardar haihuwa ne?” Bambancin da ke tsakanin farashin duniya da wanda ake ba manomi shi ke tafiya baitulmali, ana cewa na raya ƙasa ne. An raya wani abu kam, amma manomi ne ya biya ba tare da an taɓa kiran abin haraji ba. Fari ya zo daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, cuta ta kama gyaɗa a 1975, manoma suka koma wa wake da aya, SONARA ta yi ta jan ƙafa har ta durƙushe.

Alhazan Maraɗi ba su durƙushe tare da ita ba, domin sun riga sun hango wata ƙofa. Yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970, ya hargitsa hanyoyin kasuwancin Najeriya, sannan gwamnatocin can suka shiga hana shigo da kaya ɗaya bayan ɗaya don su kare masana'antunsu: atamfa, taba, daga baya shinkafa a 1985, alkama a 1987. Sai kayan suka riƙa sauka a Kwatano ko Lome, su hau mota ta Gaya, Doso, Ƙonni, su kwana a sito a Maraɗi. Duwan ta Nijar ta karɓi kuɗinta, ta buga hatimi. Kayan halal ne har zuwa Ɗan Isa, garin iyaka na ɓangaren Nijar, suna taka ƙasar Jibiya sun zama fasa-ƙwauri. Benaye da masallatai da yawa a garin nan da wannan kuɗin aka gina su.

A nan nake rabuwa da wasu abokaina masu son kasuwa ta ci gashin kanta, waɗanda ke ɗaukar wancan zamani abin koyi. Hazaƙar alhazai ba abin musu ba ce, mutane ne da suka riƙa hulɗar miliyoyi a kan amana, ba takarda ba lauya. Amma ribar tasu daga dokar hani ta fito. Da Legas ta buɗe tashoshinta da haraji mai sauƙi, ba abin da zai sa bandir ɗin atamfa ya zagayo ta Doso kafin ya je Kantin Kwari. Kuma sana'a ce ta mai uwa a gindin murhu. Wanda ya san manya a gefe biyu tirelarsa ke wucewa da rana tsaka, matar da ta ɗauko kwano biyar na gari a ka ita ake tsayarwa.

A Afrilun 1984 Janar Buhari ya sauya takardun naira ya rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, bayan Babangida ya hau. Rufewar ta faɗo daidai da mummunan fari. Masara da garin rogo da ke cike giɓi suka yanke, dabbobin da makiyayi zai kai kudu ya sayar kafin su mutu suka rasa mai saye. Mutane suka raɗa wa yunwar suna El Buhari, kuma sunan ya bi ta har yau. Daga nan sai rawar kuɗi: naira ta fara zubewa daga 1986, aka raba darajar sefa biyu a Janairun 1994. Kowace sauyawa tana juya akalar kaya, 'yan canji kuwa kan riga banki sanin inda aka kwana.

Shekarar da ya kamata a tsaya a kanta ita ce 2005, domin ita ce babbar hujjar masu goyon bayan hana fitar da hatsi, kuma hujja ce mai nauyi. Daminar 2004 ta gaza, fara ta sauka. Jihar Maraɗi, da ake kira rumbun Nijar, ita ta fi kowace cika da yara masu tamowa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kafa tantuna a garin nan. Abin da ya fi ƙona rai shi ne hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. An ce 'yan kasuwa sun kwashe gero sun kai Najeriya inda farashi ya fi, an ce sun ɓoye sai ya yi tsada. Akwai gaskiya a ciki. Kowa ya san yadda ake yi: manomi ya ci bashi da bazara, ya biya da hatsi da kaka lokacin da tiya ba ta da daraja, sannan ya dawo ya sayi hatsin nan nasa da ninki.

Sai dai labarin yana da sauran rabi da ba a cika faɗa ba. A shekarar, Mali da Burkina Faso sun tsuke hanyar fitar da hatsinsu, kowa na kare tukunyarsa, sai Nijar ta rasa inda za ta cike giɓi. (Su ne kuma a 2024 muka ware muka ce su kaɗai za mu sayar wa.) A farkon 2005 gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara, fulawa da sukari, sai da aka yi ta rufe garuruwa da zanga-zangar tsadar rayuwa kafin ta sassauta. Ta kuma nace a kan sayar da hatsi da rahusa ga mutanen da ko rahusar ba su da ita, rabon kyauta bai kankama ba sai tsakiyar damina, shugaban kuma yana cewa babu yunwa a ƙasar. Ni abin da na karanta a 2005 shi ne talaka ya rasa abin saye, hanyoyin da za su kawo sauƙi kuma an toshe su. Maganin wannan sananne ne: hukumar tanadin cimaka ta ƙasa, OPVN, wadda aka kafa tun 1970, ta riƙe isasshen tanadi, a sa kuɗi ko abinci a hannun mai buƙata da wuri, a ba manomi bashi a kan buhunansa da ke sito don kada ya karyar da kaka. Ba ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar a tare mota a Ɗan Isa.

Wani abu kuma ya faru a shekarun nan ba tare da doka ba. Wata mai bincike 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da eriyar salula ke yaɗuwa, ta gano cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama a rumfar hatsi. Da, sai ka hau mota ka je Dakoro ko Tasawa kafin ka san nawa tiya. Yanzu dillali na zaune a kan buhu, waya biyu a hannu, ya kira Cadawa, ya kira Mayahi, ya kira Dawanau, kafin shayinsa ya huce ya san inda zai tura mota. Manomi ma ya koyi bugawa kafin ya ɗora wa amalanke.

Sauran tarihin kowa ya gan shi da idonsa. Najeriya ta sake rufe iyaka a Agustan 2019 saboda shinkafa, ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Shinkafa ba ta daina shiga ba, ta koma kan babur ta daji, kowane shinge da kuɗinsa, mai saye a Kano ya biya duka. 'Yan ruwa-ruwa ma ba su tashi ba. Kwalaben nan jere a kan tebur a bakin titi, da mazurari da tsumma, sun ci gaba da shayar da kabu-kabun garin nan. Abin da kwastan da soja suka kasa, magana ɗaya ta yi shi: ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Riba ta ƙafe, tebura suka fara raguwa da kansu. Sai ga shi a Maris na 2025 layukan mai sun cika biranen Nijar, domin matatar SORAZ ta Damagaram, mai ganga 20,000 a rana, ba ta iya ɗaukar nauyin da man sumoga ke ɗauke mata a ɓoye, ga shi kuma an rage kuɗin lita zuwa sefa 499 a 2024. Ashe shekara da shekaru baitulmalin Abuja ke biya mana kuɗin mai.

Tsakanin nan aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. An ɗage a Fabrairun 2024, ƙofofi suka buɗe a Maris. Duk Maraɗi ba wanda bai la'anci wannan rufewa ba, kuma da gaskiyarmu: magani ya yi wuya, abinci ya yi tsada, 'yan dako suka zauna. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda wata bakwai kacal bayan haka wasunmu suka yi tafi da muka rufe wa kanmu ƙofar hatsi, sannan a Mayun 2025 aka ƙara da hana fitar da dabbobi gab da Layya, lokacin da makiyayi ke jira shekara guda don ya ga kuɗin ragonsa.

Ana nan kuma ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, aikin da Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan 2. Kwanan baya na yi wa wani ƙanen mahaifina zancen jirgin. Manomi ne a wajen Madarumfa, yana zaune a ƙofar ɗakin da ya tara wakensa, yana duba ko ƙwari sun shiga. Na ce, “Baba, in jirgi ya zo kun huta da kuɗin mota.” Ya ɗebo waken a tafin hannu, ya hura, ya mayar cikin buhu. Ya ce shi dai bana ya rage gonar wake, ya ƙara ta aya, tunda ita ba a sa ta cikin doka ba tukuna.