15 ga Janairu a Tarihin Najeriya

15 ga Janairu rana ce da Najeriya ke tunawa da abubuwa biyu da shekara huɗu ta raba: juyin mulkin soja na farko a 1966, da ƙarshen yaƙin basasa a 1970. A hukumance sunanta Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, amma a Arewa an fi saninta da ranar da aka kashe Sardauna.

A 1966, da tsakar daren Asabar, cikin watan azumi, wasu matasan hafsoshi, ciki har da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Manjo Emmanuel Ifeajuna, suka kai farmaki a Kaduna da Legas da Ibadan. A Kaduna aka harbe Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a gidansa, tare da uwargidansa Hafsatu. A Legas aka yi awon gaba da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka binne. Firimiyan Yamma, Samuel Akintola, da Ministan Kuɗi, Festus Okotie-Eboh, su ma ba su tsira ba. Cikin manyan sojojin da suka rasa rayukansu akwai Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad, waɗanda ba a cika ambaton su ba duk da girman giɓin da mutuwarsu ta bari a rundunar.

Masu juyin ba su kai ga kujera ba. Mulki ya faɗa hannun Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, wanda dokarsa mai lamba 34 da ta soke tsarin tarayya ta ƙara hura wutar zargi. A ranar 29 ga Yuli aka yi juyin ramuwa, Yakubu Gowon ya hau. Yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, ya ci wata talatin, har Philip Effiong, jagoran Biyafara (Yankin Gabas da ya ɓalle) a lokacin, ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas ranar 15 ga Janairun 1970.

Wannan miƙa wuya shi ya sa aka dawo da bikin tunawa da sojoji daga 11 ga Nuwamba, ranar da ƙasashen renon Ingila ke yi, zuwa Janairu. Shugaban ƙasa kan ajiye furanni a Abuja ya saki farar tattabara, gwamnoni su yi haka a jihohinsu, a kuma yi addu'o'i a masallatai da majami'u.

Jawaban hukuma ba su faye taɓo 1966 ba. Wannan ɓangare ya fi rayuwa a laccocin Gidauniyar Tunawa da Sir Ahmadu Bello da shirye-shiryen gidajen rediyo, da kuma Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a harabar gidan da aka kashe Sardaunan.