Waiwaye: Wa ke Biyan Kuɗin Yaƙi da Aikin Tilas?

Dokar ta riga kuɗin zuwa da shekaru masu yawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar da yarjejeniya mai lamba 29 kan aikin tilas tun 1930, sai mai lamba 105 a 1957. A nan Legas ta buɗe ofishinta na farko a Afirka a 1959, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniyoyin biyu a 1960. Sa hannu a takarda ba wuya. Kuɗin aiki ne ya jima bai zo ba.

Sai a 1992 ILO ta kafa shirinta na yaƙi da bautar da yara, wato IPEC, da kuɗin gwamnatin Jamus. Daga 1995 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta shigo, ta zama babbar mai zuba kuɗi, musamman bayan yarjejeniyar 2001 ta hana bautar da yara a gonakin koko na Afirka ta Yamma, wadda 'yan majalisar Amurka biyu, Harkin da Engel, suka jagoranta. A gida, an kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane, wato NAPTIP, a 2003.

Yadda kuɗin ke tafiya shi ne tushen matsalar. Ba a zuba shi cikin kasafin ƙasa. Ana ba ILO ko wata ƙungiya mai zaman kanta aikin 'yan shekaru: a yi ƙidayar waɗanda abin ya shafa, a horar da jami'an duba wuraren aiki, a biya gidan ajiye waɗanda aka ceto, a koya musu ɗinki ko gyaran waya. Wa'adi na cika, motar sintiri ta tsaya don babu mai, jami'in da aka horar a sauya masa wurin aiki. Yarinyar da aka ɗauko daga gidan aikatau a Agege, ko matar da dillali ya riƙe mata fasfo a wata ƙasar Larabawa, tana buƙatar lauya da wurin kwana har shari'a ta ƙare, shari'ar kuwa takan fi aikin tsawon rai.

Mai kuɗi ne ke zaɓen inda ya fi masa ciwo. Bayan hoton cinikin bayi a Libiya da CNN ta nuna a 2017, jiragen hukumar kula da ƙaura ta duniya, wato IOM, waɗanda Tarayyar Turai ke biyan kuɗinsu, sun yi ta sauke 'yan Najeriya a filin jirgin Murtala Muhammed. Damuwar Turai ita ce masu tsallake teku, 'yar aikatau ta Mile 12 ba ta cikin lissafin.

ILO ta ƙiyasta mutum miliyan 27.6 na cikin aikin tilas a 2021, kuma masu cin gajiyarsa na samun dala biliyan 236 a shekara. A Maris 2025 gwamnatin Trump ta soke tallafin yaƙi da aikin tilas da bautar da yara da Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje, kimanin dala miliyan 500. Yanzu manyan ƙasashe sun fi karkata ga hana kaya shiga: dokar Tarayyar Turai ta haramta kayan da aka yi da aikin tilas za ta fara aiki a Disamba 2027. Wannan na iya taɓa buhun koko da ke fita ta Apapa. Wanke-wanke da shara a gidan wani kuwa ba sa bi ta tashar jiragen ruwa.