Sunan Roger: Daga Ina Ya Fito, Me Yake Nufi?

Mece ce ma'anar Roger?

Guntaye biyu ne daga tsofaffin harsunan Jamusawa: hrod, wato shahara, da ger, wato mashi. Shi ke nan. Masu neman wani ɓoyayyen sirri a ciki su huta.

Ba sunan mutanen Ingila ba ne?

Aro suka yi. Daga Nomandi ya shiga, a arewacin Faransa, bayan William, shugaban Nomandi, ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Kakannin Nomawan nan (ba masu fartanya ba!) daga Sikandinebiya suka zo, aka ba shugabansu Rollo ƙasa a 911, jikoki suka rungumi Faransanci da sunayen maƙwabta.

"Roger" da matuƙan jirgin sama ke faɗa fa?

Sunan harafin R ne kawai a tsohon tsarin maganar rediyo, alamar saƙo ya iso ("received" da Turanci). Kada a haɗa.

In na ga Roger a tsohuwar takarda, ko mai sunan Rogers, jinin Nomandi ne?

Nan mutane ke tuntuɓe. Fara duba shekarar takardar. In ta kusa da 1086 ce, lokacin babbar ƙidayar filayen Ingila, akwai kyakkyawan zato baƙo ne daga ƙetaren teku, irin su Roger de Montgomery da Roger Bigod, manyan masu filaye 'yan Nomandi. Ko nan ma zato ne, don ba duk rundunar William ce 'yan Nomandi ba, akwai mutanen Biritani (wani yanki a Faransa, ba Birtaniya ba) da Filandas (wajen Beljiyam ta yau). Da an kai 1200 kuwa, sunan ya daina nuna komai, talakawa sun riga sun kwaikwayi sarakuna wajen raɗin suna. Sai kuma rubutun kansa: da Latin ake yi, Rogerus ko Rogerius, wani sa'in a gutsure shi Rog kawai. Rogers na nufin ɗan Roger, haka Hodges da Hodgson, daga Hodge, laƙabin masu suna Roger. Wani kaka mai wannan suna suke nunawa, ba asalinsa ba. Kada ranka ya ɓaci, haka lamarin yake ga kusan kowa.

Me ya kai sunan cikin littattafan Larabci?

Tsibirin Sisili, a kudancin Italiya. Roger na Ɗaya, shi ma ɗan Nomandi, ya ƙwace shi daga hannun Musulmi tsakanin 1061 da 1091, ɗansa Roger na Biyu ya zama sarki a 1130. A fadarsa ta Palermo malamin nan Musulmi al-Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, wanda har Kanem da Gao ya ambata. Larabawa na kiran littafin Kitab Rujar, wato Littafin Roger.