Zafin inji a ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa

Zafin inji shi ne hawan ɗumin injin jirgin ruwa fiye da ƙima saboda ruwan da ke sanyaya shi ya ragu ko ya yanke. Injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, irin na Yamaha, Suzuki, Mercury ko Tohatsu, ba shi da lagireto kamar mota. Ruwan kogi ko na teku yake zuƙa ta wasu ƙananan kafofi da ke saman farfela, famfo ya tura shi sama ya zagaye silinda, ya ratsa tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗauki zafi, sannan ya fice tare da hayaƙi. Don haka masu gyara kan bi hanyar ruwan ne tun daga ƙasa, domin a can abubuwa masu arha suke, kuma su suka fi lalacewa.

Alamar farko ita ce ƙarar gargaɗi, ko inji ya rage gudu da kansa, ko warin roba mai ƙonewa. Sai a kashe shi, a ɗaga ƙafarsa, wato ɓangaren ƙasa mai ɗauke da farfela, a duba kafofin shan ruwa. Sau da yawa leda ce ko ciyawa ta toshe su.

Akwai siririn ruwa da inji ke tsartuwa ta gefe don nuna famfo na aiki, amma shaidarsa ba ta cika ba. Yakan ɗauke alhali famfo lafiya lau, don zanzaro ya liƙe kafar da laka lokacin da jirgi ke ajiye, kuma zaren kamun kifi mai kauri ya isa ya buɗe ta. Yakan kuma zuba sosai alhali inji na dahuwa, idan tamostat ya maƙale a rufe.

Babban abin zargi shi ne impela, wata roba mai fikafikai da ke cikin famfo. Ruwa ne man shafawarta: tayar da inji a tudu na ɗan lokaci kaɗan ya isa ya ƙona ta, yashi na cinye ta a ruwa mara zurfi, doguwar ajiya kuma na sandarar da fikafikanta. Wajen canji ana kwance ƙafar injin, a buɗe gidan famfo, a sa sabuwa da ruwan sabulu, ana murza shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya ta, ta hannun agogo har fikafikan su kwanta. Idan tsohuwar ta gutsure, dole a nemo guntayen, in ba haka ba za su toshe hanya a sama, gyaran ya tashi a banza. Kamfanoni sun bambanta kan wa'adin canji, daga shekara 1 zuwa 3.

Tamostat kuwa ana gwada shi cikin ruwan zafi da ma'auni. Na irin wannan inji yakan buɗe wajen digiri 50 zuwa 60 na Salshiyas, ƙasa da na mota, saboda gishirin teku na daskarewa a hanyoyin ruwa idan zafi ya yi yawa.

Injin cikin jirgi yana da ƙarin wuraren dubawa: bawul ɗin shigar ruwa, matacinsa, bel, tiyo, da tulun musayar zafi, inda ruwan waje ke sanyaya ruwan cikin inji. Ba a buɗe murfin ruwansa yana da zafi. Idan baƙin mai ya koma kalar madara, mai yiwuwa gasket ɗin kan silinda ya ƙone, wannan kuma aikin bakanike ne.