Waiwaye: Ƙungiyoyin da Ta Leƙo Musu Ta Koma a Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

Duk shekara, da zarar watan Maris ya kama, musu iri ɗaya ke tashi tsakanin masu bibiyar ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: wace ƙungiya ce ta fi kowa ƙarfi cikin waɗanda ba su ɗauki kofi ba? Wannan ya ce UNLV (jami'ar Nevada da ke Las Vegas) ta 1991, wancan ya ce Kentucky ta 2015, yaran baya-bayan nan su ce Gonzaga ta 2021. A 'yan shekarun nan musun ya haɗe da wani, wato maganar ƙara yawan ƙungiyoyin da ke shiga gasar ƙasa daga 68 zuwa 72 ko 76. Masu so na cewa a bai wa kowa dama. Masu ƙi na cewa an riga an cika tuwon da ruwa, gwani na buga wata huɗu yana lallasa kowa, sai dare ɗaya ya rushe masa komai. Wanda ya shigo zancen yau sai ya ɗauka sabon abu ne, alhali shekarunsa sun haura hamsin.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai, sai an ɗan yi bayani. A Ingila wasa 38 ake bugawa, wanda ya fi maki ya ɗauki kofi. Arsenal ta kakar 2003 zuwa 2004 an fitar da ita daga Kofin Ƙalubale, an fitar da ita daga gasar Zakarun Turai, amma ba wanda ke shakkar ita ce zakarar Ingila a shekarar. A jami'o'in Amurka abin ba haka yake ba. Wasannin kaka sama da talatin tikitin shiga kawai suke saya maka. Kofin kansa a gasar sili-ɗaya-ƙwale ta mako uku ake rabawa, wadda suke wa laƙabi da haukan watan Maris. Ka faɗi sau ɗaya, ka tattara kayanka.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. An fara gasar a 1939 da ƙungiyoyi 8, Oregon ta ci. A 1951 aka mai da su 16, daga baya suka riƙa kaiwa 22 zuwa 25. Sai zamanin UCLA, jami'ar California da ke Los Angeles, a hannun koci John Wooden, kofi 10 cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere, daga 1967 zuwa 1973. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dokar shiga ta wancan lokaci. Jami'o'in a rukuni-rukuni suke, galibi bisa shiyya, kuma kowane rukuni ƙungiya ɗaya tak yake turawa. Ko kai ne na biyu a duk faɗin ƙasar, muddin na ɗaya maƙwabcinka ne, a gida za ka zauna. Haka ta faru da USC, jami'ar Southern California, a 1971: ta ci wasa 24, ta faɗi 2, duka biyun a hannun UCLA da suke birni ɗaya, rukuni ɗaya. Ko ƙofar gasar ba ta leƙa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ke son ya gane inda aka samo tsarin yau, sai ya koma daren 9 ga Maris, 1974, a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa.

Rukunin ACC, na jami'o'in gaɓar tekun Atlantika, yana da wata al'ada da ta fi ta saura tsauri. Wanda ya fi cin wasa a kaka ba shi ke wakiltarsu ba, sai wanda ya ci wata 'yar gasar kwana uku da suke yi a ƙarshe. South Carolina ta ɗanɗana wannan a 1970, ta ci wasanninta 14 na rukuni ba faɗuwa, ta zo ta faɗi wasan ƙarshe na 'yar gasar, shi ke nan. To a 1974 rukunin ya tara ƙungiyoyi biyu da kowacce ta isa ta ɗauki kofin ƙasa. North Carolina State (NC State) ce ta ɗaya a jerin ƙasar, Maryland ta huɗu. Gurbi kuma ɗaya.

NC State na da David Thompson, wanda ake ba da labarin tsallensa har yau, da dogo Tom Burleson mai tsawon sama da ƙafa bakwai, da gajere Monte Towe mai ƙafa biyar da inci bakwai, wanda idan ya tsaya kusa da Burleson sai ka ce yaro ne ya rako babansa kasuwa. Su ma da nasu tabon: a 1973 sun ci wasa 27 ba faɗuwa ko ɗaya, amma suna ƙarƙashin hukunci kan karya dokar ɗaukar 'yan wasa, ba su shiga gasar ƙasa ba. Maryland ta koci Lefty Driesell kuwa tana da Len Elmore da Tom McMillen, dukkansu a shekararsu ta ƙarshe, da John Lucas mai rarraba ƙwallo. A wasan buɗe kaka sun je har gidan UCLA, da maki ɗaya suka faɗi, 65 da 64. Sun haɗu da NC State sau biyu a kakar, sau biyun suna faɗuwa da tazarar maki shida.

Wasan na uku, wato wasan ƙarshe na 'yar gasar a wancan daren na Greensboro, shi ne wanda dattawan harkar ke cewa ba a taɓa buga kamarsa ba. A tuna, lokacin babu agogon da ke tilasta jefa ƙwallo, babu jifan maki uku, kuma an haramta yin tsalle a danna ƙwallo cikin kwando, dokar da ta yi aiki daga 1967 zuwa 1976. Ƙungiyar da ta ga dama tana iya riƙe ƙwallo ta yi ta zagaye har a tashi. Waɗannan biyun ba su yi haka ba, gudu suka yi ta yi. Maryland ce ta fara yin gaba, aka tafi hutu tana da 55, NC State 50. Aka dawo, lokaci ya cika suna 97 da 97. A ƙarin lokaci ƙafafu sun yi nauyi, maki tara kacal ƙungiyoyin biyu suka haɗa. Saura daƙiƙoƙi kaɗan Towe ya tsaya a layin jifan kyauta, ya zura biyu, aka tashi 103 da 100. Burleson, wanda aka fifita Elmore a kansa wajen zaɓen gwanayen rukunin a kakar, shi ya ci 38 a daren. Maryland kuwa sama da kashi 60 cikin ɗari na jifanta sun shiga. Ƙungiyar da ta yi irin wannan jifa ba ta saba faɗuwa ba.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara wa ciwon gishiri. Mako biyu bayan haka, a wannan ɗakin wasa na Greensboro, NC State ta kayar da UCLA 80 da 77 bayan ƙarin lokaci har sau biyu, ta katse mulkin shekara bakwai, sannan ta doke Marquette ta ɗauki kofi. Ke nan ƙungiyar da ta kusa kayar da zakara, ta kuma kusa kayar da tsohon zakara a gidansa, a talabijin ta kalli gasar. An gayyaci Maryland zuwa NIT, ƙaramar gasar da ake yi a New York, 'yan wasan suka ce sun gode. Suka rufe kaka da nasara 23, faɗuwa 5.

Shekara na zagayowa aka sauya doka. A 1975 gasar ta koma ƙungiyoyi 32, aka yarda rukuni ya tura biyu. Ba daren Greensboro kaɗai ya jawo haka ba, abin da ya sami USC da South Carolina na nan a zuciyar mutane, amma shi ne misalin da ya fi ƙarfin a kawar da kai. Daga nan ƙofa ta yi ta buɗewa: 40 a 1979 tare da jera ƙungiyoyi bisa ƙarfi, 48 a 1980 lokacin da aka cire iyakar biyun ma, 64 a 1985, 65 a 2001, 68 a 2011.

A ganina, nan ne asalin jerin sunayen da ake musu a kai. Gyaran ya warkar da ciwo ɗaya, ya haifi wani. A da, ana rufe wa gwani ƙofa tun daga waje, ba wanda ya ga faɗuwarsa. Yanzu yana shiga, amma hanyar ta ƙara tsawo, kuma cike take da irinsa. UCLA a yawancin shekarun mulkinta wasa huɗu take ci ta ɗaga kofi. Tun 1985 sai ka ci shida a jere, kuma cikin waɗanda za ka haɗu da su akwai na biyu da na uku na manyan rukunoni, waɗanda a tsohuwar doka suna gida. Lissafin ya nuna kansa. Daga 1956 zuwa 1976 sau bakwai ana samun ƙungiyar maza da ta ɗauki kofi ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Indiana ta 1976, mai nasara 32, ita ce ta ƙarshe. Tun daga ita ba a sake ba.

Masu gwadawa dai ba su ƙare ba. Indiana State ta Larry Bird ta isa wasan ƙarshe a 1979 da nasara 33, Michigan State ta Magic Johnson ta tare ta. UNLV ta 1991 ta shigo wasan kusa da na ƙarshe da nasara 34 a kakar, 45 a jere idan an haɗa da ta baya, ta haɗu da Duke ɗin da ita UNLV ta lallasa 103 da 73 a wasan ƙarshen shekarar da ta gabata, ta faɗi 79 da 77. Kentucky ta 2015 ta kai 38, Wisconsin ta tsayar da ita. Gonzaga ta kai 31 a 2021, Baylor ta yi mata 86 da 70.

Wadda ta fi taɓa ɗan Najeriya ita ce Houston ta 1983, saboda Hakeem Olajuwon, yaron Legas da ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya koma kwando. Shi da Clyde Drexler sun isa wasan ƙarshe a Albuquerque da nasara 26 a jere, suka tarar da NC State da ta faɗi wasa goma a kakar. Ana 52 da 52, lokaci na ƙarewa, Dereck Whittenburg ya wurga ƙwallo daga nesa, jifan da bai ko kai bakin kwando ba. Lorenzo Charles na tsaye a ƙarƙashi, ya cafe ta a sama ya danna. 54 da 52. Olajuwon aka bai wa kyautar gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ta faɗi. Ya dawo wasan ƙarshe a 1984, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su. Ita ma Georgetown ɗin a 1985, shekarar farko ta ƙungiyoyi 64, ta faɗi 66 da 64 a hannun Villanova, 'yar rukuninsu da Georgetown ta doke sau biyu a kakar. Villanova jifa 28 ta yi, 22 suka shiga. Da a ƙarƙashin dokar kafin 1975 ne, da Villanova ba ta ma samu shiga ba.

Akwai kuma abin da talabijin ya ƙara. Waɗanda suka faɗi bayan 1979 a gaban miliyoyin mutane suka faɗi, ana kuma maimaita hotunan duk Maris. Mu nan ma, mai son kallon wasan ƙarshe kai tsaye sai ya hana idonsa barci har wajen ƙarfe biyu na dare, amma da safe gutsuren bidiyon na yawo a waya. Shi ya sa idan ana lissafin waɗanda ta leƙo musu ta koma, sai a fara daga Houston ko UNLV, kamar kafin su ba a yi kowa ba. USC ta 1971 da Maryland ta 1974 ba su da hoton faɗuwa a gasar ƙasa da za a nuna, tunda ba su buga ta ba. Masu cewa a daina faɗaɗawa suna kawo Virginia, ɗaya daga cikin gwanayen gasar, da UMBC da ba a sa ran komai daga gare ta ba ta fitar a zagayen farko a 2018, ko Purdue da Fairleigh Dickinson ta kora a 2023. Masu cewa a faɗaɗa, da wuya ka ji sun ambaci Greensboro, alhali hujjarsu mafi ƙarfi ke nan. Sai dai ko ita ba ta yi musu aiki sosai, don ta huɗu a ƙasa aka bari a waje a 1974, yau kuwa kan ta sittin da wani abu ake jayayya.

Ƙungiyar ACC ta farko da ta ci moriyar sabuwar dokar Maryland ce. A 1975 ta fi kowa cin wasa a rukunin, NC State ta sake fitar da ita daga 'yar gasar kwana uku, amma wannan karon aka ba ta gurbi na biyu, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas kafin Louisville ta tsayar da ita. Elmore da McMillen sun riga sun gama makaranta. NC State kuwa, mai riƙe da kofi, ta faɗi wasan ƙarshen rukuni a hannun maƙwabciyarta, jami'ar North Carolina, gurabu biyun suka cika ba ita. David Thompson a gida ya ƙare shekararsa ta ƙarshe.